Idan manhajar gasa ta daina ganin rediyo

Awa 48 ake shafewa a gasar CQ World Wide ta masu rediyon sha'awa, kuma da yawansu da manhajar N1MM Logger+ suke rubuta duk tashar da suka yi magana da ita. Abin da ya fi ba su ciwon kai shi ne kwamfuta ta daina ganin rediyon. Sau tari lambar COM ce: an sauya ramin USB, Windows ta ba rediyon sabuwar lamba. A duba sabuwar lambar a Device Manager, a kuma daidaita saurin baud na manhajar da na rediyon.

In kuwa sai an fara watsawa manhajar ke sandarewa, to siginar ce ke kutsawa cikin wayar USB. Zoben ferrite, ɗan abu mai arha, kan yi maganinta. Agogon kwamfuta ma a saita shi, domin da lokacin UTC ake tantance fayil ɗin Cabrillo, wato rajistar tashoshin da ake miƙa wa masu shirya gasar.