Zafi da Danshi Na Iya Kashe Ƙarfin Maganinki

Uwargida, idan kin dawo daga awon ciki da ƙwayoyin ƙarin jini da folik asid, ina kike ajiye su? A kan taga? Kusa da murhu? Ko a cikin jakar da kike bari a rana? Wurin ajiyar magani yana da muhimmanci kamar shan sa.

Kowane magani sinadari ne da aka haɗa bisa wani tsari. Zafi ko haske ko danshi suna iya wargaza wannan haɗi, sinadari ɗaya ya rabu gida biyu ko fiye, ya koma wasu abubuwa dabam. Masana kimiyya suna kiran wannan wargajewar sinadari. Sau da yawa ƙwayar tana nan da kamanninta, amma ƙarfinta ya ragu.

Ga misalai biyu. Ruwan wanke ciwo mai kumfa, wanda ake kira haidurojin, a hankali yake rabuwa ya zama ruwa da iskar oksijin, haske kuma yana hanzarta hakan. Shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu. Ita kuwa asfirin, idan ta sha danshi sai ta wargaje, ki ji tana warin tsami irin na ruwan khal. Wadda ta yi haka ta lalace. Dama mai juna biyu ba ta shan asfirin sai likita ne ya rubuta mata.

Allurar tsayar da jini

Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata. Allurar oksitosin ce ke sa mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Sai dai wannan allura ba ta jure zafi. Ana ajiye ta a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Salshiyas. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafi yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Allurar da ta daɗe a kan kanta a cikin irin wannan zafi tana iya kasa aiki a lokacin da ake tsakanin rai da mutuwa. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da amfani da wata allura mai jure zafi, kabetosin, inda babu tabbacin sanyi. Saboda haka, maigida, kada ka sayi allurar haihuwa a kasuwa ko hannun masu talla. Kawo matarka ta haihu a asibiti.

Abin da za ki yi a gida

1. Ki ajiye magani a wuri mai sanyi, marar danshi, inda rana ba ta kaiwa, kuma nesa da hannun yara.
2. Kada ki ɓare ƙwaya daga takardarta sai za ki sha.
3. Ki duba ranar ƙarewar aikinsa kafin ki karɓa.
4. Maganin yara na gari da ake haɗawa da ruwa yakan lalace cikin mako ɗaya ko biyu. Ki tambayi mai ba da magani adadin kwanakin.
5. Idan magani ya sauya launi ko wari, ko ya narke, ki dawo da shi a duba miki.

Allah ya raba lafiya.