Haya Ko Kwantena Ko Ɗaki A Filin Kai: Lissafin Magidanci A Tamale

Duk magidancin da ke zaune a gidan haya a Tamale ya san ranar da ba ya son zuwanta, wato ranar da mai gida zai yi sallama a bakin ƙofa, ya gaisa da iyali, sa'an nan ya ce kuɗin gaba sun ƙare, kuma haya ta tashi. Daga Hausa Zongo zuwa Aboabo, daga Sabonjida zuwa Lamashegu, labarin ɗaya ne: a kawo kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ko a kwashe kaya. A irin wannan dare ne maigida da uwargida kan zauna suna tambayar juna, shin kuɗin nan ba za su isa a mallaki wani abu na kai ba, ko da kwantena ce?

Tambayar ba ta Tamale ce kaɗai ba. A Amurka akwai gidaje da ake ƙerawa a masana'anta, a ja su da babbar mota zuwa inda za a kafa su. Masu ƙaramin ƙarfi kan saye su don gudun haya, amma da yawansu gidan ne nasu, ƙasar da yake kai ta wani ce, suna biyan hayarta kowane wata. Gidan yana tsufa darajarsa na raguwa, hayar fili tana hawa, ɗauke shi kuwa yana da tsada. Abin da ya fi kama da wannan a wurinmu shi ne kwantena ko kiyos na katako da ake ajiyewa a gefen hanya ko a filin wani, da rana shago, da dare makwanci.

Mu fara da haya. Dokar Haya ta Gana ta shekarar 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, kuma akwai ofishin gwamnati mai kula da haya da ke sauraron ƙorafi tsakanin mai gida da ɗan haya. Sai dai ɗakuna sun yi wa masu nema kaɗan. Jami'ar UDS da aka kafa a 1992, da asibitin koyarwa, da kasuwanni, sun jawo jama'a zuwa birnin, saboda haka wanda ya tsaya a kan wata shida yakan tarar wani ya riga shi biyan shekara biyu. A farkon 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ba da rancen kuɗin haya, Tamale na cikin garuruwan da aka fara da su, amma rance ne mai ruwa.

Duk da haka haya tana da alherinta. Ɗan haya yana kusa da kasuwa da makarantar yara da masallacin unguwa. In iskar farkon damina ta yaye kwano, gyara na mai gida ne. In aiki ya kai mutum Kumasi ko Bolgatanga, sai ya ɗaure kayansa ya tafi. Ga ma'aikacin da ake yi wa canjin wurin aiki, ko ango da bai san inda sana'arsa za ta zauna ba, haya ita ce daidai.

Kwantena kuwa tana da ban sha'awa, domin ana biya sau ɗaya a ce tawa ce. Amma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Tamale kan kai ma'auni 40, akwatin ƙarfe tanderu ne; sai an yi masa sili da rufi na biyu da tagogi, kuma waɗannan duka kuɗi ne. Ba ta da makewayi, ba ta da tsakar gida, ba ta ba uwargida sutura, ba ta raba makwancin yara da na iyaye. Mafi girma duka, ranar da mai fili ya tashi gini, ko hukumar birni ta tashi faɗaɗa hanya, sai a nemi motar ɗaukar kaya. Zanen aro ba ya rufe katara. Ga saurayi mai gyaran waya ko tela da ke tara jari, kwantena tana iya zama tsani. Ga mai mata da 'ya'ya, ba gida ba ce.

Hanya ta uku ita ce wadda iyayenmu suka bi: a sami fili a bayan gari, wajen Vittin ko Kanvili ko ƙauyukan Sagnarigu, a gina ɗaki ɗaya da makewayi, a tare, sauran a bi su bulo bayan bulo. Misali, a ƙaddara ciki da falo sidi 400 ne a wata. Shekara biyu sun kama sidi 9,600, shekara goma sidi 48,000, ko da hayar ba ta ƙaru ba, kuma ba a bar wa magada ko bulo ɗaya ba. Ga hauhawar farashi kuma, wadda ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disambar 2022: kuɗin da aka ɓoye a akwati sun narke, bulon da aka buga kuwa yana nan.

Amma fili a Dagbon yana da ƙa'idarsa. Ƙasa tana hannun sarakuna a madadin jama'a, ƙarƙashin Ya-Na, kuma tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da irin wannan ƙasa sayarwa ta har abada. Abin da ake samu haya ce mai tsawo, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa mai gina gidan zama. Wanda ba ɗan Gana ba kuwa ba ya wuce shekara 50, abin da 'yan'uwanmu daga Nijar da Nijeriya ya kamata su sani. Takardar da sarki ke bayarwa bayan an kai goro mafari ce kawai. Sai a ɗauki safiyo, a bincika a Hukumar Filaye ko an riga an ba wani, a yi rajista, a nemi izinin gini. Sau da yawa takardar tana ɗauke da sharaɗin a fara gini cikin wa'adi, in ba haka ba fili ya koma. Kada a wakilta dillali shi kaɗai. Zuwa da kai ya fi saƙo. A je wurin da damina a ga inda ruwa ke kwanciya, a tambayi maƙwabta ko famfon Dalun yana isowa ko tanka ake saye, a ƙirga turakun wuta, a lissafa man babur na kowace rana.

To, wanne za a zaɓa? Wanda bai tabbata zai shekara biyar a Tamale ba, ya zauna a haya, ya nemi a rubuta yarjejeniya da rasit. Wanda ya zauna daram, ya riƙe hayar mai sauƙi, ya shiga adashi, ya fara da fili mai takarda kafin komai. In uwargida ta sa kuɗinta, ko 'yan'uwa sun haɗa hannu, a rubuta rabon kowa a gaban shaidu, domin gidaje da yawa sun raba zumunci ranar rabon gado. In kuwa kwantenar ce a hannu, a ajiye ta a filin kai, ta zama ma'ajin siminti yau, shago gobe.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba kowane magidanci muhalli na halal mai albarka, Ya haɗa mu da maƙwabta nagari, amin.