Kafin ka tare da iyali a gidan haya: Wa ya cancanta ya duba wayar wuta?

Idan kana zaune a Fatakwal ko Onicha ko Inugu, akwai yiwuwar gidan da kake ciki na haya ne, kuma ba a gabanka aka ja wayar wutarsa ba. Ranar da ka je ganin ɗaki ka duba rufi ko yana yoyo, ka tambayi inda ake samun ruwa, ka gwada ƙofa da makulli. A ɓangaren wuta kuwa, da ka danna makunni ƙwai ya kawo haske, shi ke nan ka biya kuɗin shekara. Sai dai kawowar haske ba ta nuna cewa wayar da ke cikin bango lafiya take. Waya na iya ba da wuta shekara da shekaru alhali robar jikinta ta tsufa, ko babu wayar ƙasa a gidan gaba ɗaya, ba za a sani ba sai ranar da yaro ya dafa firji da jiƙaƙƙen hannu.

Shi ya sa a wannan makon shafinmu ya duba tambayar da magidanta ba su cika yi ba: wane ne ke da ilimi da izinin da zai duba wayar gida, ya gwada ta, ya ce ta yi ko ba ta yi ba?

Me ya sa abin ya fi shafar mazauna Kudu?

Wutar da ke shigowa gidajenmu a Najeriya tana da ƙarfin bolt 230. Abin da ke kashe mutum shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa, kuma kaɗan ce ƙwarai. Idan ta kai miliamfiya 30 ta bi ta ƙirji, tana iya dagula numfashi da bugun zuciya. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa buɗe mata hanya take yi.

A nan ne zaman Kudu ya bambanta da na gida. Ruwan saman da ke sauka a Fatakwal a shekara ya haura milimita 2,000, na Kano kuwa galibi bai kai 1,000 ba. Danshi yana shiga bango, ya shiga soket, ya sa mahaɗar waya ta yi tsatsa. Ga shi kuma da yawa daga cikin 'yan uwanmu da ke Diyobu a Fatakwal, da titin Bida a Onicha, da Gariki a Inugu suna kwana ko suna kasuwanci a kwantena da rumfunan kwano. Ƙarfe ne zagaye da mutum, idan waya ɗaya ta goge ta taɓa shi, duk ɗakin ya ɗauki wuta.

Sai kuma cunkoso. Gidan da aka ja wa waya don iyali ɗaya an yanka shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da hitarsa da dutsen gugarsa da tukunyar lantarkinsa, duk a kan siririyar wayar da aka sa tun farko. Waya idan aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robar ta narke, daga nan sai gobara.

Mai ja daban, mai gwaji daban

Yawancinmu mai gyaran wuta ɗaya muka sani, wanda ake kira ya canja soket ko ya ɗaura fanka. Da yawansu sun iya aikinsu, sun kuma koya a hannun iyayen gida na ƙwarai. Amma gwajin wayar gida aiki ne na daban. Yana buƙatar sanin ƙa'idar da aka rubuta, da na'urorin awo, da iya fassara lambar da na'urar ta nuna. Testar nan mai kama da sukundireba da ke haske idan ta taɓa waya, abu ɗaya kawai take faɗa: akwai wuta a nan. Ba ta faɗin ko robar waya ta lalace, ko wayar ƙasa tana aiki.

A dokar Najeriya, hukumar da aka ɗora wa duba ayyukan lantarki da gwada su da ba su shaida ita ce NEMSA. An kafa ta da dokar 2015, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ci gaba da ba ta wannan aiki. Shugabanta shi ne ke riƙe da muƙamin Babban Sufeton Lantarki na Tarayya. Ƙa'idojin da ake bi wajen ja da haɗa waya kuma suna cikin kundin NESIS na 2015, wanda Hukumar NERC ta fitar. Bisa wannan tsari, bai kamata a jona wa sabon gini wuta ba sai wanda ke da shaidar ƙwarewa ya ja wayar, an kuma duba ta an gwada.

Kamfanin raba wuta, wato PHED a Fatakwal ko EEDC a jihohin Kudu maso Gabas, iyakarsa mita. Daga mita zuwa cikin ɗaki alhakin mai gida ne da wanda ke zaune a ciki. Don haka ganin ma'aikacin kamfani ya zo ya ɗaura mita ba ya nufin an gwada wayar ɗakinka.

Takardun da za ka nema

Idan za ka ɗauko wanda zai duba maka gida, ga abin da ya dace ka gani da idonka.

Na farko, shaidar koyon sana'ar. Akwai takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai aji uku: aji na uku shi ne na farawa, sai na biyu, na ɗaya shi ne mafi girma. Akwai takardar NABTEB ta waɗanda suka gama kwalejin fasaha. Akwai difloma ta ND da HND daga kwalejin kimiyya da fasaha, da digirin injiniyan lantarki daga jami'a. Waɗannan suna nuna mutum ya yi karatun aikin.

Na biyu, shaidar ƙwarewa ta NEMSA. Ita ce mafi muhimmanci a wannan batu, domin ita ce izinin yin aikin wayar lantarki a gine-gine. Hukumar tana tantance mai nema kafin ta ba shi, shaidar kuma mataki-mataki ce gwargwadon girman aikin da aka yarda ya yi, sannan ana sabunta ta. Ka duba sunan da ke jiki ko ya dace da na katin shaidarsa, ka duba ko wa'adinta bai ƙare ba. Idan ka yi shakka, ka kai lambar ofishin hukumar a tabbatar maka.

Na uku, idan ginin babba ne, kamar bene ko makarantar Islamiyya ko masallacin Juma'a, ka nemi wanda ke da rajistar COREN, majalisar da aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya a ƙasar nan. Tana yi wa injiniyoyi da masu fasaha da ƙwararrun masu aikin hannu rajista, kowa da ajinsa.

Akwai kuma ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki masu lasisi, wato LECAN, wadda za ta iya haɗa ka da mambobinta na kusa. Amma katin ƙungiya ba ya maye gurbin shaidar hukuma.

Kada ka ji nauyin tambaya. Wanda ya sha wahala ya samu takardarsa ba ya jin haushin nuna ta. Wanda ya ce maka shekararsa 20 yana aiki ba a taɓa tambayarsa takarda ba, ka gode masa ka nemi wani.

Abin da za ka ga yana yi

Ba sai ka zama injiniya za ka gane aikin ƙwarai ba. Mai gwaji na gaskiya zai fara da zagayawa yana dubawa: soket da ya yi baƙi, wayar da aka naɗe da leda, fis ɗin da aka ɗaure da guntun waya, akwatin rarraba wuta da ba shi da murfi. Zai duba kaurin waya, domin a ƙa'ida ta fitilu mai lamba 1.5 ce, ta soket 2.5, ta manyan kaya irin su kuka da hitar wanka kuwa 4 ko 6 ko sama da haka.

Daga nan zai kashe wutar gidan, ya ce a zare duk kayan da ke jone. Zai auna ko wayar ƙasa ta isa kowane soket ba ta yanke a hanya ba. Zai auna ƙarfin robar waya da na'urar da ke tura bolt 500, kuma abin da ta nuna bai kamata ya gaza megaom 1 ba. Zai tabbatar makunni yana kan wayar da ke ɗauke da wuta, don idan aka juya su, za ka kashe fitila amma mazaunin ƙwan yana nan da wuta. Zai fita waje ya nemi sandar ƙarfen da aka kafa a ƙasa, ya auna ta.

Sai ya gwada bireka mai kare rai, wadda ake kira RCD. Aikinta shi ne ta lura idan wuta ta fara zurarewa ta wata hanya, misali ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Ta gida mai miliamfiya 30 ce. Fis da bireka ta yau da kullum waya suke karewa daga zafi, wannan kuwa mutum take karewa. Gidaje da yawa ba su da ita, kuma a gidan da ke da ƙananan yara ita ce abu na farko da ya kamata a saya.

Idan akwai janareto ko inbata ko sola, zai duba cenji-oba. Masu jona janareto kai tsaye a soket suna iya tura wuta ta koma kan layin waje ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya.

A ƙarshe zai ba ka rahoto a rubuce, da lambobin da ya samu, da abin da ke buƙatar gyara nan take, da sunansa da lambar shaidarsa da kwanan wata. Wanda ya zo da testa kaɗai, ya gama cikin minti goma bai kashe wuta ba, bai gwada komai ba.

Waya ma sai an duba

Ko aikin ya yi kyau, idan wayar jabu ce an yi aikin banza. Babbar kasuwar kayan lantarki ta Obosi tana gefen Onicha, a can akwai mai kyau akwai marar kyau. Jabun waya takan zo da sirara ƙasa da lambar da aka rubuta a jikinta, ko ta zama alminiyam aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Ka nemi mai tambarin Hukumar SON, ka karɓi rasit, ka kuma bar mai shaidar ya ga wayar kafin a binne ta a bango. Araha ba ta ado, balle a kan abin da iyali za su kwana da shi.

Wa zai biya?

A Ingila, tun 2020 doka ta wajabta wa masu gidajen haya su sa ƙwararre ya gwada wayar gida aƙalla duk shekara biyar, su ba ɗan haya kwafin rahoton. A nan, ɗan haya ne zai tashi ya nema wa kansa. Lokacin da kake da baki shi ne kafin ka biya. Ka tambayi mai gida ko wakilinsa yaushe aka ja wayar, wa ya ja ta, ko akwai wayar ƙasa. Ka nemi a rubuta a takardar haya cewa gyaran wayar cikin bango nasa ne.

Idan kun riga kun tare, ku 'yan haya ku haɗa kuɗi a ɗauko mutum ɗaya ya duba gidan baki ɗaya, tunda wuta idan ta tashi a ɗaki ɗaya ba a nan take tsayawa ba. Sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai da shugabannin kasuwa za su iya taimakawa ta hanyar ajiye sunayen masu shaidar da aka tabbatar, ta yadda baƙon da ya zo daga Arewa zai san wanda zai kira. Matasanmu da ke koyon gyaran wuta a waɗannan garuruwa kuma a ƙarfafa musu gwiwa su zauna gwajin sana'a, su nemi shaidar hukuma.

Alamun da ba a jira da su

Uwargida, ke ce kika fi kowa zama a gida, ke za ki fara lura. Idan kika ji warin roba na ƙonewa, ko soket ya yi zafi, ko famfo ko firji ko ƙofar ƙarfe tana ɗan jan hannu, ko bireka tana yawan faɗuwa, ki kashe wuta daga babban makunni har a zo a duba. Ki tabbatar ke da manyan yara kun san inda makunnin yake. Hitar da ake tsomawa a bokiti a cire ta daga soket kafin a taɓa ruwan, kuma kada a bar yaro kusa da ita.

Idan wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni, in bai samu ba a ture shi da busasshen katako ana tsaye a busasshen wuri. A kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce ba komai, domin wuta na iya taɓa zuciya ko ta ƙona ciki ba a gani a waje ba. Gobarar lantarki kuma ba a zuba mata ruwa sai an yanke wutar. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Kafin ka sabunta kuɗin hayar bana, ka ware wani abu don wannan gwaji, ka ajiye rahoton tare da takardar haya. Allah Ya tsare mu da iyalanmu.