Agogo Ɗaya Ga Duk Duniya? Rana Ba Ta Amince Ba

Shekaru da dama ke nan wasu malamai biyu na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Steve Hanke masanin tattalin arziki da Richard Henry masanin taurari, suke kira da a soke bambancin lokaci tsakanin ƙasashe, kowa ya daidaita agogonsa da na Greenwich. In ƙarfe tara ta buga a Landan, ta buga ke nan a Tokyo da Makka.

Hujjarsu ba ta banza ba ce. Matuƙa jiragen sama sun daɗe suna aiki da agogo guda, domin kuskuren sa'a ɗaya a sararin sama yana iya zama ajali. Sannan tun bayan taron Washington na 1884, wanda ya ayyana Greenwich a matsayin mafarin awon duniya, kowace gwamnati ta yanka wa kanta lokaci yadda ta ga dama. Indiya tana gaban Greenwich da sa'a biyar da rabi, maƙwabciyarta Nepal kuwa da sa'a biyar da minti 45.

Duk da haka ban gamsu ba. Ƙasar Sin ta gwada irin wannan a gida: tun 1949 agogon Beijing kaɗai hukuma ta sani, duk da faɗin ƙasar. A birnin Kashgar na yammaci, sai wajen ƙarfe goma rana ke fitowa lokacin hunturu. Me ya faru? Al'ummar Uighur suka ci gaba da bin nasu agogon, sa'a biyu baya da na hukuma. An nemi agogo ɗaya, aka ƙare da biyu.

Akwai kuma batun kwanan wata. Tsakar daren Greenwich ƙarfe tara na safe ne a Tokyo. Ma'aikaci zai bar gida ranar Litinin, ya zauna a ofis ranar Talata. Wace rana zai rubuta a takardar yarjejeniya? An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Lissafin da ake son kawarwa ma ba zai gushe ba. Mai kiran ɗan'uwansa a Jidda ba lambar agogo ce damuwarsa ba. So yake ya san ko mutumin yana barci. A yau yana ƙara sa'a biyu ya gane. Gobe dole ya tambayi ƙarfe nawa gari ke wayewa a can. An dai sauya wa tuwo suna.

Mu ma shaidu ne. Agogon Maiduguri da na Sakkwato ɗaya ne, amma mai azumi a Maiduguri yakan riga na Sakkwato shan ruwa da kusan rabin sa'a, domin ladan rana yake duba.

Ra'ayina shi ne a bar wa jirage da bankuna da kwamfutoci agogonsu na bai ɗaya. Talaka kuwa a bar shi da agogon da tsakar ranarsa ta dace da inuwarsa.