Tsohon Take a Sabon Baki: Kiɗan Wasannin Bidiyo, Busar Saksofon da Darasinsu ga Makaɗan Kabi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Birnin Kebbi ko Argungu cikin shekaru ashirin da suka wuce, da wuya a ce bai taɓa leƙa shagon wasan bidiyo ba, watau wurin da yara ke kira gidan gem. Ni kaina na sha ƙarar da kuɗin tara a irin waɗannan shaguna, ina tura wani ɗan gajeren mutum mai gashin baki, mai suna Mario, yana tsallake ramuka. Kwanan baya wani abokin karatuna ya kunna mini wani kiɗa a wayarsa, na mabusa da makaɗa masu yawa, wani mai saksofon yana jagora. Ba a yi nisa ba na gane shi: kiɗan nan ne na gidan gem, an ɗinka masa sabuwar riga.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana wa mai karatu yadda makaɗan jaz suke ɗaukar tsofaffin kiɗe-kiɗen wasannin bidiyo su sake tsara su domin busa da saksofon, sa'an nan a nuna cewa ginshiƙin wannan aiki, watau take, abu ne da makaɗan ƙasar Kabi suka daɗe da saninsa. Daga ƙarshe za a duba abin da ya rataya a wuyanmu, mu ɗaliban Hausa, game da namu taken.

Ma'anar Take

Take wani ɗan gajeren kiɗa ne ko busa da ake keɓe wa mutum, ko sarauta, ko masu wata sana'a, ta yadda da an ji shi za a san da wa ake. Sarki yana da takensa, ɗan dambe yana da nasa, haka maharba da mahauta da manoma. Amfanin take biyu ne. Na farko shaida, domin tun kafin a ga mutum an san ya iso. Na biyu zuga, domin mai take in ya ji an kaɗa masa, sai tsikar jikinsa ta tashi, ya aikata abin da ba zai iya ba in babu kiɗan.

Wanda ya halarci bukin kamun kifi na Argungu ya ga wannan da idonsa. Bukin ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. A ranar babban su, masunta na faɗawa ruwan Matan Fada da homa da gora, makaɗa kuwa suna cikin kwalekwale suna ta kiɗa suna zuga su. A wajen kokawa da dambe ma haka abin yake. A fada kuma, ko ta Argungu ko ta Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi, kakaki da algaita ne ke shelar fitowar sarki.

Taken Wasannin Bidiyo

A 1983 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da na'urar wasa mai suna Famicom, a 1985 kuma ya fitar da wasan Super Mario Bros., wanda Koji Kondo ya tsara wa kiɗa. Wannan na'ura tana da hanyoyin sauti biyar kacal, uku ne daga ciki ke rera rauji sosai, watau hawa da saukar sautin kiɗa, ta huɗu kuwa ƙara take yi irin ta caki. Wasan baki ɗayansa, da hotunansa da kiɗansa, bai wuce kilobayit 40 ba, ma'ana bai kai nauyin hoto guda na wayar zamani ba.

Wannan ƙunci shi ya tilasta wa masu tsara kiɗan su taƙaita. Tun da babu halin dogon kiɗa, sai a yi gajere wanda in ya kai ƙarshe zai koma farko, ya yi ta zagayawa muddin yaro na wasa. Tun da kuma babu daɗin murya a na'urar, tilas raujin kansa ya zama mai kama zuciya, wanda ba ya gundura ko an ji shi sau ɗari. Bugu da ƙari, kowane wuri a cikin wasan yana da nasa kiɗan: na doron ƙasa daban, na ƙarƙashin ƙasa daban, na cikin ruwa daban, na gidan abokin gaba daban. In lokaci ya kusa ƙarewa sai kiɗan ya ƙara sauri, hankalin mai wasa ya tashi. Ashe ke nan shaida da zuga, waɗanda muka ce su ne amfanin take, duka biyu suna nan. Darajar wannan ɗan kiɗa ta kai ga cewa a 2023 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin kundin sautukan da yake adanawa, kuma shi ne kiɗan wasan bidiyo na farko da ya sami shiga.

Jaz da Saksofon

Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙago a wajejen birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Saksofon kuwa abin busa ne na tagulla, wanda wani mutumin Beljiyam mai suna Adolphe Sax ya ƙera, ya yi masa rajista a 1846. A bakinsa akwai ɗan tsinken kara guda mai faɗi wanda ke kaɗawa in an hura, saɓanin algaita wadda nata biyu ne a haɗe. Algaita tana da 'yan ramuka kaɗan da ake toshewa da yatsu, saksofon kuwa yana da maɓallai masu yawa, don haka yana iya fitar da sautuka fiye da nata. Amma dukansu biyu numfashin ɗan Adam ne ransu, suna iya yin kuka, su yi gunji, su yi shagwaɓa.

Al'adar makaɗan jaz ita ce su ɗauki waƙar da jama'a suka riga suka sani su mai da ita abin aiki. Alal misali, a 1961 John Coltrane ya fitar da faifan My Favorite Things, inda ya ɗauki wata waƙa ta wasan kwaikwayo ya busa ta da saksofon har fiye da minti goma sha uku. Saboda haka da yaran da suka tashi da Mario suka girma suka zama makaɗa, ba abin mamaki ba ne su waiwayi kiɗan ƙuruciyarsu. A 2017 Charlie Rosen ya kafa ƙungiyar The 8-Bit Big Band a birnin New York domin wannan aiki, a 2022 kuma shi da Jake Silverman suka ci lambar Grammy saboda sabon tsarin da suka yi wa wani kiɗa na wasan Kirby Super Star na 1996. Kamfanin Nintendo shi kansa ya bi sahu, domin kiɗan wasan Mario Kart 8 na 2014 da makaɗa da mabusa na zahiri aka ɗauki da yawa daga cikinsa, har da saksofon.

Yadda Ake Sauya wa Take Riga

Aikin yana da matakai huɗu. Da farko mai tsara kiɗa zai saurari tsohon taken ya rubuta shi daidai yadda yake. Na biyu, zai sake shimfiɗar da raujin ke tafiya a kanta. Inda na'ura take haɗa sautuka uku kawai, shi sai ya rarraba wa mabusa da yawa, domin babbar ƙungiyar jaz takan ƙunshi masu saksofon biyar, ban da masu sauran kayan busa da mai fiyano da mai ganguna. Na uku, zai sauya takun kiɗan. Na'ura bugunta daidai wa daida ne kamar agogo, jaz kuwa yakan ja wani bugu ya gajarta na kusa da shi, har kiɗan ya riƙa rangaji. Na huɗu, wanda shi ne zuciyar aikin, zai buɗe fili ga mai saksofon ya ƙirƙiro nasa nan take.

Ga yadda tsarin yake tafiya: ƙungiya za ta busa taken sau ɗaya ko biyu yadda kowa zai gane shi, sa'an nan mai saksofon ya fita shi kaɗai yana yawo a kan shimfiɗar, ya yi nisa, ya waiwayo ya taɓo wani yanki na taken, ya sake fita, daga bisani kowa ya dawo kan taken a rufe. Ɗalibin waƙar baka ba zai ga baƙon abu a nan ba. Taken shi ne gindin waƙa, yawon mai saksofon shi ne ɗiyan da jagora ke kawowa, sauran ƙungiya kuwa 'yan amshi ne. Haka makaɗan fada irin su Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi wa sarakunan Kabi waƙa a Argungu kafin ya koma Yawuri, suke gina waƙoƙinsu: gindi ɗaya tabbatacce, ɗiya kuwa suna ƙaruwa gwargwadon wuri da lokaci.

Abin lura a nan shi ne, daɗin wannan kiɗa ya dogara ne ga sanin da mai sauraro ya yi wa tsohon taken. Wanda ya san hanya shi ke gane an ratse, shi ne kuma ke jin daɗi in an dawo. Wanda bai san ta ba, hayaniya kawai zai ji.

Inda Aka Bambanta

Duk da wannan kamanci, kuskure ne a ɗauka cewa za a iya yi wa taken Kabi abin da aka yi wa na Mario ba tare da lura ba. Akwai bambanci uku.

Na farko, taken wasan bidiyo ba ya magana, namu kuwa yana yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, don haka kalangu da algaita suna kwaikwayon hawa da saukar muryar mai kirari, har masani ya ji kalmomin. Mai saksofon yana da damar ya lanƙwasa taken Mario yadda ya so, amma in ya ɗaga sautin da ya kamata ya sauka a taken wani basarake, to, ya ɓata maganar, ƙila ma yabo ya zama shirme.

Na biyu, an ƙera saksofon da fiyano bisa ma'aunin sautin Turawa, mai matakai goma sha biyu. Algaita da goge da gurmi ba su san wannan ma'auni ba, kowane gwani da yadda yake ɗaure abinsa. In aka tilasta musu bin fiyano, sai a rasa wani ɗanɗano da kunnen Bahaushe ya saba da shi.

Na uku, kowane take da mai shi. Na wasan bidiyo mallakar kamfani ne, wanda zai sayar da sabon tsarinsa sai ya nemi izini bisa doka. Namu kuwa al'ada ce ke tsaronsa. Ba a kaɗa tambari don talaka, ba a kuma busa taken sarki a gidan buki don a yi rawa. Wanda zai taɓa irin wannan, wajibi ne ya fara sanin wanda ya halatta a taɓa da wanda ba a taɓawa.

Saksofon a Ƙasar Hausa

Kada mai karatu ya zaci haɗuwar jaz da kiɗanmu mafarki ne. Yusef Lateef, shahararren mabushin saksofon na Amurka wanda ya rasu a 2013, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya nazarci sarewar Fulani, ya ɗauki faifai mai suna In Nigeria a Legas a 1983 tare da makaɗan ƙasar nan, kuma shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi a kan kiɗa da wasannin Hausawa a 1987. Haka nan Bala Miller ya yi suna wajen rera waƙoƙin Hausa da babbar ƙungiya mai kayan busa na Turawa. Abin koyi a wurin Lateef shi ne, duk da ya zo yana gwani, sai da ya zauna ya zama ɗalibi tukuna.

Kammalawa

Mun ga cewa ɗan gajeren kiɗan da aka tsara wa na'ura a 1985 yana nan da ransa, har manyan mabusa suna alfahari da shi. Dalili kuwa shi ne an adana shi, kuma an sami miliyoyin mutane da suka haddace shi tun suna yara. Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu ita ce: mu nawa ne a wannan sashe za mu ji an busa algaita a ƙofar fada mu faɗi abin da ta ce? Na jarraba kaina a hutun da ya wuce, na tarar ina iya rera taken Mario daga farko har ƙarshe, amma da wani tsohon makaɗi ya kaɗa mini take uku na garinmu, ɗaya kawai na gane, shi ma sai da ya maimaita.

Gidan Tarihi na Kanta a Argungu yana adana kayan yaƙi da na sarauta, to, amma take ba ya zama cikin akwatin gilashi. A hannun makaɗi yake da kunnen mai sauraro, in ɗayansu ya kau, shi ke nan. Ina ba da shawara ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai, su nufi Argungu da Birnin Kebbi da Gwandu da na'urar ɗaukar sauti, su nemi izinin makaɗa da mabusa, su ɗauki kowane take, su rubuta kalmominsa da mai shi da lokacin da ake kaɗa shi. Malamanmu kuma su taimaka a keɓe wa waɗannan sautuka ma'ajiya a sashe. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. In wata rana ƙasar Kabi ta haifi mabushin saksofon da zai so ya ɗinka wa taken kakanninsa sabuwar riga, ya kamata ya tarar da taken, ya kuma tarar da mutanen da za su gane shi in an busa.