Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Notts County: Tsufa da Talauci a Ƙananan Rukunonin Ingila

Galibin abin da ake rubutawa game da ƙwallon ƙafa a Ingila ya ta'allaƙa ne a kan manyan ƙungiyoyi masu cin kofuna. A wannan takarda za mu juya ga wata ƙungiya wadda ta girme su, amma ta yi mafi yawan rayuwarta a ƙasan tsani, watau Notts County ta birnin Nottingham. Manufarmu ita ce mu nuna yadda tsufan suna ya zama wa wannan ƙungiya jari, ya kuma zama mata tarko.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu bayyana tsarin gasar. Ƙungiyoyin ƙwararru na Ingila 92 ne, an kasa su rukuni huɗu. A ƙarshen kowace kakar wasa waɗanda suka yi fice a rukuni sukan hau na sama, na kashin baya kuma su sauka. A ƙarƙashin waɗannan huɗu akwai rukuni na biyar, wanda faɗawa cikinsa kan jawo wa ƙungiya asarar kuɗi da ta daraja.

An kafa Notts County a shekarar 1862, shekara guda kafin a kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila. Ƙungiyar Sheffield ta 1857 ta riga ta, amma ita ba ta shiga sahun masu biyan 'yan wasa albashi ba, don haka Notts County ake ɗauka a matsayin mafi tsufa cikin ƙungiyoyin ƙwararru a duniya. Waɗanda suka fara ta masu hali ne, 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis, da yawansu 'yan wasan kurket. Daga baya ne ta zama ta ma'aikatan masana'antu. A wancan zamani Nottingham gari ne na saƙar leshi da taba, kuma can ne masana'antar keken Raleigh take a lokacin, keken da iyayenmu suka sani sarai a ƙasar Hausa. Ma'aikatan nan, da zarar sun tashi aiki ran Asabar da rana, sai su nufi filin wasa. Kuɗin ƙofar da suke biya shi ne ya riƙe ƙungiyar shekara da shekaru.

Da aka kafa gasar rukuni-rukuni a 1888, Notts County na cikin ƙungiyoyi 12 na farko. A 1891 ta kai wasan ƙarshe na Kofin FA, Blackburn Rovers ta doke ta da ci 3 da 1. A kan hanyar zuwa wannan wasa wani ɗan bayanta ya tare ƙwallo da hannu a bakin raga a karawarsu da Stoke, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka shigo da dokar fenariti a shekarar. A 1894 ta ci kofin, ta lallasa Bolton Wanderers da ci 4 da 1, Jimmy Logan ya jefa uku. A lokacin tana rukuni na biyu, ita ce ƙungiya ta farko daga wajen rukunin farko da ta ɗauki wannan kofi. Shi ne kuma babban kofi ɗaya tilo da ta taɓa ci.

Rigarta mai ratsin baƙi da fari ta fi ta tafiya nesa. A 1903 ƙungiyar Juventus ta Italiya, wadda a da take sa riga mai ruwan hoda, ta samu riguna daga Nottingham ta hannun wani ɗan Ingila da ke cikinta, kuma launin ya zauna mata. Juventus ba ta manta ba: da za ta buɗe sabon filinta a 2011, Notts County ta gayyata, aka tashi 1 da 1.

A 1910 ƙungiyar ta koma filin Meadow Lane. Tsallaken Kogin Trent kaɗan akwai filin maƙwabciyarta Nottingham Forest. Babu filayen manyan ƙungiyoyi biyu a Ingila da suka kai su kusa. Notts County ta sauka daga rukunin farko a 1926, ba ta sake komawa ba sai bayan shekara 55.

A nan za mu ɗan tsaya a kan shekarar 1947, domin abin da ya faru a cikinta yana bayyana bambancin jiya da yau. A wannan shekara Notts County, tana rukuni na uku, ta sayi Tommy Lawton daga Chelsea a kan fam 20,000, kuɗin da ba a taɓa biya a kan ɗan wasa ba a Birtaniya. Lawton kuwa shi ne ɗan gaban ƙungiyar ƙasa ta Ingila. Mai sauraro zai tambaya, yaya aka yi gwani irin wannan ya yarda ya sauko? Wani ɓangare na amsar shi ne dokar ƙayyade albashi. A lokacin an yanke iyakar abin da za a biya kowane ɗan wasa a mako, ko a wane rukuni yake, don haka saukowa ba ta rage masa albashi ba. 'Yan kallo suka yi ta tururuwa, har sukan haura 30,000, kuma a 1950 ƙungiyar ta hau rukuni na biyu. Da aka soke dokar a 1961, sai ƙungiyoyi masu kuɗi suka samu damar kwashe gwanaye. A ganinmu tun daga nan rata ta fara buɗewa tsakanin manya da ƙanana.

Duk da haka ƙungiyar ta sake yunƙurawa a hannun Jimmy Sirrel, ɗan Sikotlan, wanda ya karɓe ta a 1969 tana rukuni na huɗu. Ya hau da ita a 1971 da 1973, sa'an nan a 1981 ta shiga rukunin farko. Cikin 'yan wasanta na lokacin akwai John Chiedozie, ɗan Nijeriya, wanda ya buga wa ƙasarsa. Sai dai an yi rashin sa'a, wannan ya zo daidai lokacin da Forest ta ci Kofin Turai sau biyu, a 1979 da 1980, hankalin matasan garin ya koma tsallaken kogi. Ta sauka a 1984, ta dawo a 1991 ƙarƙashin Neil Warnock, ta sake sauka a 1992, watau a daidai shekarar da aka kafa gasar Firimiya da maƙudan kuɗin talabijin. 

Abin da ya biyo baya bashi ne. Daga 2002 zuwa 2003 ƙungiyar ta yi fiye da shekara guda a hannun masu kula da kamfanonin da suka karye, kuma magoya bayanta sun taka rawa wajen ceto ta, har ƙungiyarsu ta zama mai rinjayen hannun jari. A 2009 wani kamfani mai suna Munto Finance ya zo da alkawarin dukiya mai yawa, magoya baya suka jefa ƙuri'a suka miƙa masa hannun jarinsu kyauta. Aka kawo Sven-Göran Eriksson, tsohon kocin Ingila, a matsayin darakta, aka kawo Sol Campbell da mai tsaron gida Kasper Schmeichel. Campbell wasa ɗaya ya buga ya tafi. Kuɗin ba su zo ba, kuma kafin shekarar ta ƙare an sayar da ƙungiyar a kan fam ɗaya. Ba ma ganin laifin magoya bayan ƙwarai. Mutanen da suka daɗe suna jin cewa ƙungiyarsu ta fi kowa tsufa ba su rasa dalilin gaskata cewa attajirai za su so ta. Sunan nan ne ya jawo baƙin, shi ne kuma ya rufe wa 'yan gida ido. Abin mamaki, 'yan wasan da aka tara sun ci rukuni na huɗu a 2010.

A watan Mayu na 2019 Swindon ta doke ta da ci 3 da 1, ta faɗa rukuni na biyar bayan shekara 131 a cikin gasar da aka kafa da ita. Hukumar haraji ta kai ta kotu, ma'aikata suka rasa albashi. A watan Yuli wasu 'yan'uwa biyu 'yan Denmak, Alexander da Christoffer Reedtz, masu kamfanin ƙididdigar wasanni, suka saye ta. Su ba su yi alkawarin taurari ba. Ƙididdiga suka yi amfani da ita wajen nemo 'yan wasa masu araha.

Fita daga rukuni na biyar ya ɗauki shekara huɗu, domin ƙungiyoyi biyu kacal ke hawa a shekara, ɗaya kai tsaye, ɗaya ta wasannin cike gurbi. A kakar 2022 zuwa 2023 Notts County ta tara maki 107, Macaulay Langstaff ya ci ƙwallo 42, amma Wrexham, wadda wasu 'yan fim na Hollywood suka saya, ta samu 111. Sai da aka je filin Wembley a watan Mayu na 2023, aka tashi 2 da 2 da Chesterfield bayan ƙarin lokaci, kana Notts County ta yi nasara a bugun fenariti da ci 4 da 3, ta koma rukuni na huɗu.