Gubar da Ke Ɓuya a Cikin Gyaɗa da Masara

Manomi ɗan'uwa, ko kana noma a Karofi ko a ƙauyukan Kurfi, akwai gubar da ya kamata ka sani, sunanta aflatoksin. Wata funfuna ce da ke zaune a ƙasar gona take haifar da ita. Tana kama gyaɗa da masara idan fari ya galabaitar da shuka, sannan ta ƙara yaɗuwa in an zuba amfani a rumbu da danshinsa.

Ido ba ya ganinta, dahuwa ko suya ba sa kashe ta, sai gwajin ɗakin bincike ke gano ta. Likitoci sun tabbatar tana jawo ciwon dajin hanta. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara.

To, mene ne mafita? Masana a cibiyar IITA ta Ibadan sun samar da Aflasafe, wato ƙwayar dawa mai launin shuɗi da aka shafa wa irin funfunar da ba ta da guba. Za ka watsa kilo 10 a hekta ɗaya, sati biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, marar gubar sai ta mamaye gonar, mai gubar ta rasa wuri.

Bayan girbi, shanya a kan tamfol, kar ka baza a ƙasa. Danshin masara ya sauka ƙasa da kashi 13 cikin ɗari kafin ajiya. Tambayi malamin gona ko yana da na'urar awo. Gyaɗar da ta ruɓe kuwa a tsince a binne, kar a yi ƙuli-ƙuli da ita, kar a ba kaji.